Manomin Damagaram: wace hanyar waya ce ta cancanci kuɗin kiredinka?

Kafin ka cika wayarka da manhajojin noma, ka yi wa kowace manhaja tambaya biyu: tana jin Hausa? Tana da amfani a garka, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa?

Ni dai zaɓina WhatsApp ne, amma wanda ke haɗe da masu ba da shawara na RECA, uwar ƙungiyar ɗakunan noma na jihohin Nijar, har da namu na Zinder. Ka ɗauki hoton ganyen tumatir ko kabejin da ya lalace, ka yi bayani da muryarka, masani ya amsa maka da murya, da Hausa. Wanda bai yi lakwal ba ma ba a bar shi a baya ba. Mai amsawar ya san murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, ya san bambancin jigawa da fadamun Matamaye da Gidimuni, kuma zai gaya maka ko maganin da ke hannunka yana cikin waɗanda kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, ya amince da su. Amsa takan yi jinkiri, na yarda, amma gara ita.

Manhajar Plantix tana gane cutar shuka daga hoto, sai dai sai da intanet, kuma ba za ta tambaye ka yaushe ka yi ban ruwa ba. Manhajojin hasashen ruwan sama kuwa, na fi yarda da sanarwar ma'aikatar yanayi a rediyo. Télé-Irrigation ta Abdou Maman Kané, wadda ake kunna famfo da waya daga nesa, aiki ne mai kyau na ɗan ƙasa, amma ta mai babbar garka ce.

Inda za ka buɗe ido shi ne wajen ƴan damfara. An taɓa turo mini saƙo wai rajistar taki mai rahusa, a tura kuɗi a karɓi buhu. Kuɗin sun tafi, lambar ta mutu. Yanzu sun ƙware: suna buɗe rukuni, su liƙa tambarin hukuma, su sa nasu mutanen su yi ta shaidar ƙarya. Wasu a Facebook suke tallar maganin feshi marar takarda, ko iri wai HKP ne, ingantaccen irin hatsi na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, alhali hatsin kasuwar Dole ta Zinder ne aka zuba a leda. Duk wanda ya nemi lambar sirrinka, toshe shi. Lambar masu shawara kuma, je ofishin ɗakin noma da ƙafarka ka karɓo, kada ka kwafa daga saƙon da aka turo maka.