Haɗa Power Automate da SharePoint: yana aiki, amma a san inda yake tsinkewa

Ma'aikatar da ke biyan kuɗin Microsoft 365 tana da kayan nan biyu a hannu tun tuni: SharePoint mai ajiye takardu, da Power Automate mai tura aiki daga tebur zuwa tebur. An fito da Power Automate a 2016 da sunan Microsoft Flow, aka sauya masa suna a 2019. Mahaɗin da ke tsakaninsu yana cikin lasisin yau da kullum, ba a ƙara ko sisi. Sai in za a taɓa wasu manhajojin kamfani irin SAP ko SQL Server ne ake buƙatar lasisi mai tsada, kuma gara a san haka kafin a yi wa shugabanni alkawari.

Ga aikin da ya fi dacewa da shi. Takardar neman biya ta shigo ma'ajiya, jerin aikin (flow, wato matakan da aka tsara a Power Automate) ya tashi, ya karanta adadin kuɗi da sunan sashe, ya aika wa mai sa hannu ta Teams ko Outlook, amsa ta dawo, ya rubuta ta a jikin takardar. Wanda ya saba zai gina wannan a yini ɗaya. A nan ba mu da ƙorafi, sai dai tashin jerin ba nan take ba ne, yakan ɗauki 'yan mintoci.

Matsalar tana farawa ne idan takardu suka yi yawa. Umarnin Get items, mai ɗebo takardu daga SharePoint, yana ɗebo 100 ne kawai in ba a faɗa masa wani adadi ba, kuma ba ya nuna kuskure. Zai gama, ya nuna alamar kore, alhali takarda ta 101 zuwa sama ko kallonsu bai yi ba. Wannan shi ne aibin da ya fi ba mu haushi, domin rahoton wata zai fita da gibi ba wanda ya sani. Maganinsa a ɗaga Top Count, wato adadin da zai ɗebo, a kunna ɗebowa shafi-shafi a cikin saitin umarnin. Idan ma'ajiya ta haura takardu 5,000, tacewa da gurbin bayani (column) da ba a yi masa fihirisa (index) ba tana tsayawa, don haka a sa fihirisa a gurbin kwanan wata da na matsayi tun ma'ajiyar tana ƙarama.

Sai wa'adin kwana 30. Jerin aiki ba ya wuce haka a tashi ɗaya. In darakta ya tafi aikin Hajji ko dogon hutu, takarda na jiran sa hannunsa, ranar da wa'adi ya cika jerin zai mutu, amincewar da ya bayar daga baya kuma ba za ta motsa komai ba. A raba aikin biyu, ko a sa wa'adin kwana 7 da zai miƙa takardar ga mataimaki. Tarihin gudanar aiki ma kwana 28 yake zama. Mai binciken kuɗi da zai zo ƙarshen shekara ba zai tarar da shi ba, saboda haka sunan wanda ya amince, da rana, da bayaninsa, duk a rubuta su a gurabun takardar kanta.

Akwai tarkon da kusan kowane sabon magini ke faɗawa: jerin da ke tashi idan an gyara fayil, sannan shi ma ya gyara fayil ɗin. Gyaransa ya sake tashe shi, haka har SharePoint ya fara mayar da kuskure mai lamba 429, domin mahaɗin kira 600 yake ɗauka a minti ɗaya. Sharaɗi guda a kan abin da ke tashe jerin, misali kada ya tashi sai matsayi yana "sabo", ya isa. Haka nan in wani ya bar takardar a buɗe a Word, rubuta bayani a jikinta yakan ƙi saboda an kulle ta. A sa jerin ya jira minti 5 ya sake gwadawa.

Masu sa wa gurabu suna da Hausa su kula. SharePoint yana da suna na ɓoye ga kowane gurbi, kuma harafi mai lanƙwasa yana rikiɗewa a can: ƙ ya koma _x0199_, ɗ ya koma _x0257_. Tacewa da wannan suna wahala ce. A fara ƙirƙirar gurbin da haruffa marasa lanƙwasa kuma ba tazara, daga baya a sauya sunan da ake gani, na ɓoyen ba zai canza ba.

Kada kuma a gina haɗin da asusun ma'aikaci. Ranar da ya bar aiki aka rufe asusunsa, komai ya tsaya, jerin da ya yi kwana 14 yana faɗuwa kuma Microsoft na kashe shi. A buɗe asusu na musamman don wannan, a sa wa jerin masu mallaka aƙalla biyu.

Ga amincewa mai mataki biyu ko uku, muna ba da shawarar Power Automate ba tare da shakka ba. Kwangilar da ke watanni tana yawo tsakanin sassa shida kuwa ta fi ƙarfinsa, injin da aka ƙera don dogon aiki irin Camunda take buƙata, SharePoint ya tsaya a matsayin ma'aji kawai.