Tikitin Kano ko liƙin dandali: amsa ga ƙaninmu tela

Salamu alaikum 'yan guruf. Jiya da daddare wani ƙaninmu ya yi tambaya a nan, naga anata tura masa sitika da dariya babu wanda ya tsaya ya bashi amsa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta tunda duka biyun na je kuma duka biyun sun taɓa taɓa min aljihu. Abinda yace a taƙaice shi ne: shi tela ne, aurensa wata takwas, ya daɗe yana matse hannu har ya ware dubu 15 wadda ba ta cefane ba ce, kuma ransa na son kiɗa. To ya shiga Kano kallon wasan mawaƙan zamani irin wanda ake yankar tikiti, ko ya haƙura ya jira wasan kaka na ƙauyukanmu, kalankuwa da dambe da ajon makaɗa?

Ƙanina da farko dai ban ga laifinka ba. Mutumin da yake wuni kan keke yana taka feda tun safe har bayan isha'i, in yace yana son ya ji kalangu ko ya ga mawaƙin da kullum yake ji a waya ido da ido, ba almubazzaranci ba ne. Maganar malamai kan kiɗa ba ita ka tambaya ba kuma ba fagena ba ne, ni lissafin aljihu zan maka.

Bari mu fara da ƙofa. Na Kano kuɗinsa a rubuce yake a jikin fosta, kasan nawa ne tun kana gida, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Na dandali ba geti ba mai yaga tikiti, ka zo da tabarmarka ko ka tsaya kan babur ɗinka ka kalla, sai dai in gidan dambe ne da aka kewaye da zana, shi ake ɗan biyan wani abu a bakin ƙofa. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce ai na ƙauye kyauta ne na birni kuɗi ne shikenan. Ba haka lissafin yake ba wallahi.

Na Kano, tikitin shi ne ƙaramin abu a ciki. Ni zuwana na ƙarshe daga nan wajenmu ta Ringim, tikiti dubu 3 na yanka amma kafin in dawo gida na kashe kusan dubu 12, kaga mota zuwa Yankaba da dawowa, daga Yankaba kuma sai adaidaita sahu domin tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, kuma ba hawa ɗaya zai kaika wajen ba, ga abinci tunda ba za ka wuni da yunwa ba, ga fiya wata da lemo da ake sayarwa a ciki kusan ninki biyu na waje don sun san ba fita za ka yi ba, ga tsaraba don ba yadda za a yi magidanci ya je birni ya dawo hannu rabbana ko gurasa ce sai ka riƙo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya daina zama abin da ake cewa "ɗan kuɗin mota", litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura dubu. Duk wata fita da ke buƙatar taya huɗu yanzu sai ka lissafa ta sau biyu.

Sannan abin da ya fi min ciwo ranar ba kuɗin ba ne. An rubuta za a fara ƙarfe huɗu, babban mawaƙin da muka je dominsa bai hau ba sai wajen tara na dare, kafin nan yara masu tasowa ne anata ba su mayik ɗaya bayan ɗaya, da ya hau kuma waƙa huɗu ya yi, ita ma DJ ne ya saki ta situdiyo shi yana bi da baki, mamin kenan, sai can tsakiya ya ɗan ɗaga murya ya gaida manyan baƙi. Ba zan faɗi wajen ba kuma ba zan ce duk haka suke ba, akwai masu tsayawa su yi da muryarsu. Amma dai motar gida ta wuce ni, sai a shagon wani ɗan garinmu na kwana, kuma daga wajen wasan zuwa shagon nan wayata a cikin safa na sa ta saboda masu ƙwacen waya. Kai da kake da amarya a gida, ka sa kwanan nan cikin lissafi, da ɗinkin washegari da za ka rasa.

Duk da haka kada in zalunci na birni. Sautin nan na manyan sifiku da fitilu da taron dubban mutane suna amsa waƙa baki ɗaya, abu ne da ba za ka samu a ƙauye ba, kuma in ka biya tikitinka ka gama, ba wanda ya sanka balle ya kira sunanka. Ka riƙe wannan maganar, nan gaba za ka ga amfaninta.

To mu dawo gida. Wasan dandali tafiyarsa ƙafa ce ko litar mai ɗaya a babur ku biyu ku raba, abincinka ka ci tuwo a gida kafin ka fita, can kuwa rake ne da awara da shayi, in ka ji ƙarfi tsire tsinke biyu. Kiɗan kuma na gaske ne, fata ce da hannu da maƙogwaro, mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata kaji kalangun nan yana magana kamar mutum, 'yan amshi na bayansa, in kuskure suka yi kana ji, in sun dace kuma tsigar jikinka sai ta tashi. A wajen dambe kowane ɗan wasa da takensa, ana buga masa kaga ya miƙe jiki na rawa yana kirari tun kafin a shiga turmin farko, ga ɓangarorin 'yan damben uku, Kudu nan Arewa can Guramaɗa can. A kalankuwa kuma samari ne ke naɗa junansu, wannan gwamna wannan alƙali wannan likita wancan ɗan sanda, a kama mutum a ci shi tarar wasa kowa na dariya. Ga sharon Fulani in ka dace da shi. Wallahi ni ban taɓa dawowa daga irin wannan wajen nace ban ga abin da na je gani ba.

Amma a nan ramin yake, kuma shi nake so ka ji da kunnen basira. A Kano baƙo ne kai. A dandali kuwa sanƙira ya san ubanka ya san kakanka ya san gonarku ta fadama, ya san ka yi aure bana, ya san kai ne ka ɗinka wa rabin samarin da ke tsaye a wajen kayan sallah. Yana hango ka zai ɗaga hannu a tsaida kiɗa, ya fara jero sunaye tun daga kakan da kai kanka baka taɓa gani ba, mai kalangu ya ɗauko taken gidanku, abokai su juyo suna kallonka, surukanka ma wataƙila suna wajen. A wannan lokacin ba ka tuna kwanon masara nawa ne. Ni abin ya taɓa faruwa da ni shekarar da mahaifinmu ya rasu, makaɗin nan ya san shi tun suna samari wajen gayya, ya ambace shi da irin kirarin da ake masa a bakin kunya lokacin da ake buga gangar noma, hawaye suka zubo min na sa hannu aljihu na fito da duk abin da ke ciki, kuma cikinsu harda kuɗin da mai ɗakina ta bani in biya mata zubin adashi. Sati biyu muna gyara wannan ɓarnar, ita ce ta je tana ba uwar adashi haƙuri. Har yau in na tuna raina ba ya min daɗi, ba don kyautar ba, makaɗin ya cancanta, sai don kuɗin ba nawa ba ne.

Kaga bambancin kenan. Na Kano yana cinka ta hanya da ciki da kwana, amma yana da iyaka kuma kana iya lissafa shi da biro tun kafin ka tashi. Na gida ba ya tambayarka ko sisi amma ba shi da murfi, abin da ka shiga da shi shi ne farashinsa. Wanda ya shiga da dubu 2 ya ji kiɗan da wanda ya shiga da dubu 20 ya ji.

Akwai kuma maganar lokaci da mutane ba sa lura da ita. Manyan wasannin birni yawanci da sallah ake sa su, ita kuma sallah zagayawa take, duk shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 da 2025 babbar sallah cikin watan Yuni ta faɗo, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri da na huɗa, rumbu ya yi ƙasa hatsi ya yi tsada. Wasan ƙauye kuwa kakanninmu ba da ka suka ajiye shi a kaka ba, sai an yi girbi an kai gero da dawa gida, an kai riɗi da gyaɗa da zoɓo kasuwa, wanda ya je Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis ya dawo da ɗan nauyi a aljihu, sannan ake kiran makaɗa. Kai tela ka fi kowa sanin wannan, da sallah kana kan keke har asuba ba ka da lokacin kanka, bayan kaka kuwa bukukuwa ne da ɗinkin anko kuma masu bashi suna biya.

Sai inda kuɗin ke zuwa, wannan ra'ayina ne kowa na iya saɓa min. Dubu 12 ɗin da na kashe a Kano yawancinta gidan mai ta tafi. Dubu 2 da za ka miƙa wa makaɗin ƙauye kuwa a gabanka za a raba ta da 'yan amshi da sanƙira, gobe ka ganta wajen mai kayan miya. Mutanen nan ƙarewa suke fa, masu biki yanzu DJ da janareto suke ɗaukowa don ya fi musu sauƙi, 'ya'yan makaɗa sun koma acaɓa da cajin waya, kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 hannun mutane ya saba da transfa, shi kuwa tsohon da ke riƙe da kalangu ko asusun banki ba lallai yana da shi ba. A yankinmu masu gangar noma da na sani ina yaro yanzu saura gida ɗaya.

Kada kuma in ɓoye maka aibin dandali. Ƙura ce da sanyi, ba wajen zama, in dare ya yi nisa wasu samarin da suka sha abin da suka sha sukan tada rigima kan 'yan mata, shi yasa ni da an wuce sha ɗaya nake kama hanya, kuma tuƙa babur da dare a hanyar burji ba fitila mai kyau shi ma haɗari ne. Lokaci ma ba su da shi, a ce bayan la'asar sai bayan isha'i. Sai dai jiran nasu a gida kake yinsa ba a tasha ba.

In ni ne kai ga yadda zan yi da dubu 15 ɗin nan. Dubu 8 ba za ta fita daga gida ba, ka ba amarya ta ajiye ko ka ƙara a zare da allura. Dubu 2 ka bata nata na kanta, domin ita ma ana kiɗan ƙwarya a gidajen biki cikin mata kuma ita ma ana kiran sunanta a can, ba daɗi ta tsaya hannu sake cikin ƙawayenta. Sauran dubu 5 ita ce ta wasa, kuma ba dare ɗaya ba, tana iya kai ka fita biyu ko uku. Ka canza ta 'yan ɗari ɗari da ɗari biyu tun ranar kasuwa wajen mai shago da kuka saba, kada ka bari sai a wajen wasa inda masu canji ke cire nasu. Abin da za ka kashe a daren kawai za ka ɗauka, katin banki ya kwana a gida, wayar da kake transfa da ita ma in da hali ka bar ta ka ɗauki ƙarama, don yanzu har mai POS ke kafa tebur a gefen fili. In an kira sunan gidanku ka tashi da mutuncinka ka je ka miƙa wa sanƙira a hannu ya faɗa, ba sai ka tsaya kana watsawa a ƙasa ana takawa ba, dama dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, ko da yake a ƙauye ba wanda ke bi ta kai. Kari ɗaya ya wadatar, in an sake waiwayo ka ɗaga hannu ka yi murmushi, sun san ma'anarsa.

Kano kuma ban ce ka cire ta a ranka ba. Ka jira ranar da dama za ka shiga Kantin Kwari sayen yadi, kuɗin motar ya hau kan sana'a, in an dace akwai wasa ranar sai ka ƙara na tikiti kawai, ka kuma shirya wajen kwana tun daga gida kada dare ya same ka kana neman lambar mutane.

In kalankuwar bana ta matso zan sanar a nan guruf. Ka taho da rigar sanyi mai kauri da hula, hunturun fili ba irin na cikin gari ba ne, kuma ka duba fitilar babur ɗinka tun da rana.