Yankees ta 1927 ko ta 1961, wacce ta fi?

Ɗan'uwa, tambayar da ka ajiye jiya, wai tsakanin New York Yankees ta 1927 da ta 1961 wacce ta fi a tarihin besbol, kuma shin da gaske Roger Maris ya karya tarihin Babe Ruth na buga hom ron 60 a kaka guda ko ƙarin wasanni ne suka ɗaga shi, na ga har yanzu ba wanda ya zauna ya warware ta. Toh ga nawa. Ta 1927 ta fi, amma Maris an zalunce shi, kuma maganganun nan biyu ba sa cin karo da juna.

Mu fara da teburi. A 1927 wasa 154 ake bugawa a kaka, Yankees ta ci 110 aka doke ta 44, ta ba Philadelphia Athletics da ta zo ta biyu tazarar wasa 19. A 1961 wasannin sun koma 162, ta ci 109 ta faɗi 53, Detroit Tigers na bin ta da tazarar wasa 8. Kaga ko da ƙarin wasa takwas ɗin ba ta kamo 110 ba. Amma ni abin da ya raba min gardama shine rarar maki, kamar dai yadda muke duba bambancin ƙwallaye a teburin firimiya. Ta 1927 ta ci maki 975 aka ci ta 599, rarar 376 kenan. Ta 1961 ta ci 827 aka ci ta 612, rarar 215. Ratar akwai faɗi.

Nasan abin da masu goyon 1961 za su ɗauko, hom ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga. Eh a nan sun fi yawa, 240 suka buga, wanda babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa kafin su. Maris 61, Mickey Mantle 54, Bill Skowron 28, Yogi Berra 22, Elston Howard da Johnny Blanchard kowa 21, mutum shida duk sun haura 20. Ta 1927 kuwa 158 ne kacal, kuma 107 daga ciki na mutum biyu ne, Ruth 60, Lou Gehrig 47. Sai dai fa ka duba zamanin kowa. A 1927 babu wata ƙungiya a American League (gasar da Yankees ke ciki, ɗaya daga manyan gasannin besbol biyu na Amurka), ƙungiya sukutum nake nufi, da ta buga abin da Ruth ya buga shi kaɗai, Athletics ce ta fi matsowa da 56, kuma wanda ya zo na uku a gasar bayan Ruth da Gehrig, Tony Lazzeri, 18 gare shi, shi ma ɗan Yankees ne. A 1961 kuwa abin ya zama ruwan dare, Harmon Killebrew da Jim Gentile kowa 46, Rocky Colavito 45, Norm Cash 41. Su Maris sun fi kowa a zamanin da kowa ke yi, su Ruth kuwa su kaɗai ke yi.

Kuma ka lura, da hom ron ɗin da bai kai ba suka tara maki fiye da na 1961 da kusan 150, saboda kafin Ruth ya shigo akwai 'yan wasansu tsaye a kan tasha, wato wuraren tsayawa a filin, suna jiran bugun da zai kai su gida su ci maki. Earle Combs da ke buɗe layi ya samu bugu 231 a shekarar, Bob Meusel na can bayan Gehrig, ƙungiyar gaba ɗaya ma'auninta na bugu .307 ne, wato bugu 307 na nasara cikin kowane gwaji 1,000, ta 1961 kuwa .263. Wannan jerin na 1927 ne 'yan jarida ke kira Murderers' Row.

Ɓangaren masu jifa, wato masu jefa wa mai sanda ƙwallo, ba a cika maganarsa ba alhali nan ma 1927 ce a gaba wajen zurfi. Waite Hoyt ya ci wasa 22, Herb Pennock 19, Urban Shocker 18 (bawan Allah nan da ciwon zuciya yake jifa, shekara na zagayowa ya rasu), sai Wilcy Moore, sabon shiga mai shekara 30, wanda yawanci daga benci yake shigowa amma ya ci 19. Ta 1961 tana da Whitey Ford wanda ya ci 25 ya faɗi 4 kawai, babu kamarsa a ɗayan ɓangaren, ga Luis Arroyo ɗan Puerto Rico yana rufe masa wasa. In wasa ɗaya ne tak Ford zan ɗauka ba tare da shawara ba. In kaka guda ce, na Miller Huggins, kocin 1927, sun fi na Ralph Houk, kocin 1961, cika.

World Series kuwa, wato wasannin ƙarshe tsakanin zakarun American League da na ɗaya gasar, National League, duk sun ɗauka. 1927 sun yi wa Pittsburgh Pirates huɗu da nema, 1961 sun doke Cincinnati Reds 4 da 1, kuma a nan Ford ya karya wani tarihin na Ruth ɗin dai, na jera turmi 29 da 'yan kai a wasannin ƙarshe ba a ci shi maki ba, tun zamanin da Ruth ke jifa a Boston.

Yanzu ga inda masu 1961 ke da hujja ta gaske, kuma bai kamata a tsallake ta ba. A 1927 babu baƙar fata ko ɗaya a manyan gasannin, an rufe musu ƙofa sai 1947 da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers. Mutane irin su Oscar Charleston da Cool Papa Bell da Bullet Rogan suna can gasar baƙaƙe, Satchel Paige yana tasowa a Birmingham, Ruth bai taɓa fuskantar ko ɗayansu a wasan gasa ba. Sannan duk wasannin 1927 da rana ake yi, a jirgin ƙasa ake tafiya, ba ƙungiyar da ta wuce St. Louis ta yamma. 'Yan 1961 kuwa ga wasan dare ga jirgin sama har Kalifoniya. Wannan ya rage wa ta 1927 daraja a wurina, ba wasa. Abin da ya hana shi juya hukuncin shine American League ta yi nawa sosai wajen ɗaukar baƙaƙe, Yankees sai 1955 ta sa Elston Howard, baƙar fatarta na farko, Boston sai 1959, manyan taurari irin su Willie Mays da Hank Aaron da Frank Robinson duk a National League suke. Ga shi a 1961 aka ƙara ƙungiyoyin American League daga 8 zuwa 10, Los Angeles Angels da sabuwar Washington Senators, masu jifan da da suna ƙananan gasanni duk aka hauro da su.

Sai Maris. A watan Yuli, da aka ga shi da Mantle sun tasam ma 60, shugaban besbol Ford Frick, wanda tsohon ɗan jarida ne kuma aminin Ruth, ya fito ya ce in ba cikin wasa 154 aka karya ba to daban za a rubuta shi. Maris yana da 59 a wasa na 154. Na 61 ɗin ya zo ranar 1 ga Oktoba, ranar ƙarshe, a hannun Tracy Stallard na Boston, mutum 23,154 ne kawai a filin. Amma ai ba yawan wasa ne ma'auni ba, sau nawa mutum ya tsaya da sanda a hannu shine magana, Ruth sau 691, Maris sau 698. Bakwai ne tsakani. Gaskiya ne Mantle da ke bayansa a jerin masu bugu ya taimake shi, duk shekarar masu jifa ba su taɓa kauce wa jefa masa ƙwallon da zai iya bugawa da gangan ba don tsoron Mantle, toh amma Ruth wa ke bayansa in ba Gehrig ba?

Ga kuma abin da ya sha wanda Ruth bai sha ba. Ruth da tarihin kansa yake tsere, 59 ɗinsa na 1921, kowa na masa tafi, ya zuba 17 a Satumba kaɗai. Maris kuwa 'yan kallon gidansa ma Mantle suke so, shi baƙo ne da aka ɗauko daga Kansas City, 'yan jarida sun sa shi gaba har gashinsa ya riƙa zuba, da ciwon ƙugu ya kwantar da Mantle a Satumba sai nauyin duk ya koma kansa. Sai 1991 kwamiti ya tabbatar tarihin nasa ne shi kaɗai, lokacin ya shekara shida da rasuwa.

A matsayin ɗan wasa dai ba a haɗa su, Ruth .356 ya buga a shekararsa, Maris .269, kuma a ganina ko cikin 'yan 1961 ɗin Mantle da ya buga .317 ya fi shi kaka mai kyau duk da Maris aka ba kyautar gwarzon gasa. Amma 61 ɗin halak ɗinsa ce, kuma ta tsaya a American League har 2022 da Aaron Judge ya buga 62.