Sharhi: injin NH35 da kwaikwayon 2824 a cikin agogon kwaikwayo

Duk mai shirin sayen agogon hannu na kwaikwayo, ya fara tambayar injin da ke ciki kafin ƙyallin fuska ya ɗauke masa hankali. Iri biyu na yi amfani da su: ɗaya mai injin NH35 na Seiko, ɗayan kuma mai injin da aka kwaikwayi 2824-2 na kamfanin ETA na Switzerland, wanda babu sunan kamfani ko lamba a jikinsa. Na biyun nan ne ya sa ni rubutu, don ya ƙona mini rai ƙwarai.

Idan bayanin mai sayarwa za a bi, shi ne gaba. Bugu 28,800 a awa, wato takwas a sakan guda, hannun sakan yana tafiya sumul, kauri milimita 4.6 kamar na asali. Amma bai jima ba ya fara tsayawa cikin dare, alhali an yini da shi ɗaure a hannu. Da aka yi masa wani (wato aka murɗa shi da hannu don cika sifirinsa) har ƙarshe aka ɗora shi kan na'urar auna bugu, lilon balans, wato ƙaramar giyar da ke kai-da-komo tana daidaita bugu, bai kai digiri 200 ba, ga shi lafiyayyen 2824 a kwance yakan ba da 270 zuwa sama. Buɗe murfin ke da wuya sai dalili ya fito fili. Wasu duwatsun yaƙutun a bushe suke ƙamas, wasu kuma an malala musu mai har ya gangaro. Ga garin ƙarfe a ƙarƙashin gadar giyoyi, alamar ba a wanke sassan ba aka harhaɗa su. Mafi muni, ƙananan giyoyi biyun nan da ke karɓar juyin rota, wato ƙarfe mai nauyi da motsin hannu ke juyawa, su miƙa wa babban sifirin sun cije. Shi ya sa motsin hannu ba ya cika shi, kuma in ana yi masa wani da yatsa sai rota ta riƙa juyawa tare, abin da bai kamata ya faru ba.

Wannan duk da sauƙi, don wanki da mai na maganinsa: man Moebius 9010 a duwatsun balans, 9415 a bakin duwatsun da ke tare giyar bugu, HP-1300 a giyoyi masu tafiyar hawainiya. Inda haƙurina ya ƙare shi ne wajen kayan gyara. Ɗan ƙarfen da ke riƙe sandar wani ya lanƙwashe, aka kawo na 2824 na asali, sai ramin kusarsa ya ƙi dacewa, bambancin bai fi kaurin gashi ba amma ya isa ya hana shi zama. Giyoyin rota na asali su ma sun shiga da ƙyar, suna goga. To ina amfanin a ce inji kwaikwayon 2824 ne in sassan 2824 ba za su zauna a cikinsa ba? Dalilin zaɓensa tun farko ke nan, kuma shi ne aka rasa. Ga wata matsala da ke tattare da wannan zubi ko a na asali: in aka danna maɓallin cire sanda ya wuce kima, ƙarafan saiti na zamewa daga gurbinsu, sai an cire hannaye da fuska kafin a mayar da su. Sukurudireba mai faɗin kusan milimita 1.2 ake amfani da shi, don faɗinsa ba ya barinsa ya nutse da yawa. A injin da ƙarfensa ke da laushi kuwa, kuskure ɗaya ya isa.

NH35 bai taɓa ba ni irin wannan ciwon kai ba. Bugunsa 21,600 a awa, duwatsu 24, yana riƙe wani na kusan awa 41, ana iya yi masa wani da hannu, kuma hannun sakan na tsayawa in aka ja sanda. Tsarin da ke cika shi ɗan ƙarfe ne mai yatsu biyu da Seiko ke kira Magic Lever, yana aiki duk ɓangaren da rota ta juya, kuma babu tarin giyoyin da za su cije. Cire sanda ma ba tashin hankali: a bar ta a ciki, ɗan ƙarfen sakin yana bayyane, a danna a hankali a zare. In ya lalace ba a ma cika wahalar da kai da gyara ba, sabo ake sawa, domin yakan fi kuɗin wanki araha. Ga wanda ke son agogo ya yi ta aiki ba tare da zaryar wurin mai gyara ba, shi zan ce ya ɗauka.

Sai dai da na sake ɗaura su kusa da juna, sai na tuna abin da ke damuna da NH35. Kaurinsa milimita 5.32, faɗinsa 27.4, don haka gidan agogon yakan yi tudu, kuma tagar kwanan wata ba lallai ta faɗo inda take a agogon da aka kwaikwaya ba. Bugu shida a sakan ana ganinsa da ido, hannun na ɗan tsalle. Alƙawarin kamfani kan daidaito ma mai faɗi ne, daga ragin sakan 20 zuwa ƙarin 40 a rana, duk da cewa saiti na kawo shi kusa sosai. Kada kuma wani ya yi zaton zai cire kwaikwayon 2824 ya cusa NH35 a gurbinsa. Faɗin 2824 milimita 25.6 ne, tsayin sanda daban, ƙafafun fuska daban, ramin hannun sakan milimita 0.25 ne a 2824, 0.20 a NH35.

Saboda haka ra'ayina ya rabu. In siririn gida da bugu takwas ake so, zubin 2824 ne har yanzu, amma mai suna: Sellita SW200-1, ko Sea-Gull ST2130, ko PT5000. Girmansu ɗaya ne, fuska da hannaye na zama, sai dai a duba tsayin bututun da hannaye ke hawa, don akwai gajere akwai dogo. Miyota 9015 ma na da kyau, kaurinsa 3.9 kacal, illa rotarsa ta ɓangare ɗaya take cikawa, tana kuma da ƙara.

Wanda ba zan taɓa ba shi ne injin da aka lulluɓe da farantin ado don ya yi kama da injin Rolex 3135, domin a ƙarƙashi yawanci mai araha ne mai bugu 21,600, sai an kwance farantin kafin a kai ga wurin saiti. Haka kwaikwayon 7750, wato injin ETA mai agogon auna gudu, da aka mayar da hannun sakan ɗinsa zuwa gurbin ƙarfe shida a fuska: ƙarin giyoyin da aka ɗora na jan ƙarfin injin, su ne kuma ke fara cinyewa. Kafin a biya kuɗi a nemi hoton injin murfi a buɗe, da hoton na'urar auna bugu mai nuna lilon balans.