Sabon layi da injinan juya mararraba a ƙaramin jirgin ƙasana: abin da na gani bayan sauyi

Wannan sharhi ne a kan abubuwa biyu da na sauya a shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa da nake da ita a gida a Gusau, wato layin dogon kansa da kuma 'yan injinan da ke juya mararraba domin jirgi ya bar wani layi ya hau wani. Shimfiɗar tawa kwaikwayon ƙaramar tasha ce irin waɗanda ke kan layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya kuma daɗe yana kwasar gyaɗa da auduga. Faɗin layin nawa milimita 16.5 ne, wanda a ma'aunin ɗaya bisa 87 yake daidai da babban dogo mai milimita 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna. Tsohon dogonmu mai milimita 1,067 ne, kuma layi mai milimita 12 ne zai fi dacewa da shi, sai dai samun taragun da za su hau shi yana da wuya, shi ya sa na haƙura da wannan bambanci.

Tsohon layin da na fara da shi na ƙarfe ne zalla, gajeru-gajeru, wanda ya zo tare da jiragen da na saya na hannu. Da damina tsatsa yake yi, da hunturu kuma ƙura ta kwanta masa, ga shi kowace gaɓa wuri ne da wutar lantarkin da jirgi ke ɗauka daga layi ke iya yankewa. Na maye gurbinsa da layin Peco Streamline da ake ƙerawa a Ingila, mai lanƙwasuwa, wanda kowane sanda yake da tsawon milimita 914. Ƙarfensa haɗin tagulla ne da nikel da tutiya, ba ya tsatsa, kuma shafa shi da tsumma mai ɗan danshin sifirit ya wadatar kafin a fara tuƙi. Akwai mai lamba 100 da mai lamba 75, lambobin kuma suna nuni ne ga tsayin ƙarfen, wato kimanin milimita 2.5 da 1.9. Mai lamba 75 ya fi kama da dogon gaske a ido, amma na zaɓi mai lamba 100 saboda yawancin taraguna tsofaffi ne masu zurfin leɓen taya, waɗanda kan yi karo da ƙasan siririn layi. Duk wanda jiragensa na hannu ne, ina ganin wannan zaɓi ya fi masa kwanciyar hankali.

Wurin da yanayinmu ya fi nuna kansa shi ne wajen shimfiɗawa. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin bazara da kan kai maki 40, sanda guda na iya ƙara tsawon da ya kusa rabin milimita, sannan katakon da ke ƙarƙashi yana tsukewa idan iska ta bushe, ya kumbura da damina. Idan aka matse gaɓoɓi babu sarari, layi zai bauɗe gefe, jirgi ya sauka. Saboda haka na bar tazara kamar kaurin katin waya a kowace gaɓa, ban liƙe maɗauran da ke haɗa sanda da sanda da dalma ba, a maimakon haka kowane sanda na ba shi wayarsa ta daban daga ƙarƙashin tebur. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri, amma layin ya ratsa hunturu da bazara bai motsa ba.

Mararrabar da na saka su ne waɗanda kamfanin ke kira Electrofrog, masu tsakiya ta ƙarfe. A tsofaffin nawa, wurin da ƙarafa biyu ke gittawa roba ne, kuma ƙaramin kan jirgi mai gajeriyar ƙafa yakan tsaya cak a kai idan yana tafiya a hankali, don tayarsa ta rasa wuta. Mai tsakiyar ƙarfe ta kawar da wannan, da sharaɗin a sa maɗauran roba a kan ƙarafa biyu na ciki da ke fitowa daga tsakiyar, a kuma tanadi abin da zai riƙa sauya mata wuta daidai da ɓangaren da aka juya ta. A nan ne maganar injina ta shigo.

Injinan da na cire masu maganaɗisu ne: a taɓa makunni, koyil, wato naɗin waya, ya fizgi ɗan ƙarfe, harsunan mararraba, wato siraran ƙarafan da ke motsi su karkata jirgi, su buga ɗaya gefen da ƙara. Suna da araha, ba su da girma, amma suna jan wuta amfa biyu ko sama da haka a lokacin bugun, kuma idan aka daɗe da hannu a kan makunni koyil yana iya ƙonewa, sai dai in an haɗa su da akwatin kafasita mai sakin wuta sau ɗaya. Waɗanda na saka yanzu su ne Tortoise na kamfanin Circuitron da ke Amurka. Aikinsu ya sha bamban. Ƙaramin inji ne mai haƙoran giya da ke tura siririyar waya a hankali, ya ɗauki kimanin daƙiƙa uku kafin harsunan su isa, idan sun isa kuma ba ya sakin su, yana nan yana danne da su muddin akwai wuta. Wannan dannewa ita ce abin da na fi daraja a jikinsa, domin a ɗakin da ƙura ba ta yankewa, harshen da bai manne sosai ba shi ne yake kayar da jirgi. A cikinsa akwai makunnai biyu. Ɗaya na ba shi aikin sauya wutar tsakiyar mararraba, don haka wutar ba ta dogara da haɗuwar harshe da ƙarfe ba, wurin da datti ya fi taruwa. Na durƙusa na sa ido a daidai tsayin layi, na ga ƙaramin kan jirgi yana jan taragun gyaɗa yana ratsa mararraba uku a jere da tafiyar da ba ta wuce ta mai tattaki ba, fitilarsa ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai miliamfa 20 ba a kan bolt 12, saboda haka duka injinan tashar suna aiki daga batirin solar gida ba tare da na jira wutar gari ba. Ana kuma iya jera ƙaramar fitila a kan wayarsa domin ta nuna ɓangaren da mararraba take.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗi. Injin yana buƙatar sarari na kusan santimita 9 a ƙarƙashin tebur, don haka sai da kafinta ya matsar mini da wasu katakan gicciye da suka faɗo daidai ƙarƙashin mararraba. Dole ne a huda ramin wayar kafin a kafa layi, a kuma zare ɗan sifirin da ke cikin mararrabar, in ba haka ba zai riƙa fizge harsunan, tafiyar a hankali ta ɓaci. Idan katakon tebur mai kauri ne, waya mai ɗan ƙarin kauri ta fi wadda ta zo a kwali ƙarfin turawa. Farashin kowanne ya fi na mai maganaɗisu nesa ba kusa ba, kuma da yake daga waje ake aiko su, kuɗin sufuri da canjin dala suna ƙara nauyi. Don haka a layukan ajiya na bayan fage, inda ido ba ya kaiwa, na bar masu maganaɗisu tare da akwatin kafasita, suna kuma yin aikinsu. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyun a lokaci guda ba, shawarata ya fara da layi da mararraba masu tsakiyar ƙarfe, ya huda ramukan tun yanzu, ya riƙa sayen injinan ɗaya bayan ɗaya yana farawa da mararrabar bakin tasha, wadda kowane jirgi ke bi ta kanta.