Gyaran altaneto a Magazin ɗin Suame: inda suka ƙware da inda ake tafka asara

Masu tasi na Aboabo da Asawase da ke jan tsofaffin ƙananan motoci irin su Matiz, Picanto da Vitz sun san hanyar Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, domin duk Kumasin Ghana babu inda ya kai nan yawan masu gyaran wutar mota. Wajen farke altaneto, wato na'urar da ke caja batir in mota na aiki, da sake masa kayan ciki, hannunsu ya faɗa. Matsalarsu tana wajen gwaji kafin a kwance, kuma nan ne kuɗin mai mota ke zurarewa.

Oga nagari mitar auna wuta yake fara ɗauka. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 in mota a kashe take. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4, kuma kada ya faɗi sosai ko an kunna fitilu da iyakwandishan. Ya wuce 15, regileta mai daidaita ƙarfin wuta ta lalace, ita ce ke dafa ruwan batir. Bai kai 13 ba, sai a duba bel tukuna, domin sakwarkwataccen bel yana sulɓewa a kan fuli, sannan burushin kabon da ke cikin altaneto. Burushi shi ya fi saurin cinyewa, kuma shi ne mafi arha a cikin kayan. Kukan gurnani boris ne. Batirin da ke mutuwa cikin dare kuwa sau da yawa dayod ne, wanda ke hana wuta komawa baya, ya fashe yana zuƙe wuta a ɓoye.

Akwai ɗabi'ar da har yanzu wasu yaran shago ba su bari ba: cire kan batir mota na aiki, wai a ga ko za ta mutu. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Wutar kan yi tsalle ta ƙone dayod, wani lokaci har da kwamfutar injin. A tsofaffin motoci ma ɗan ƙwan fitilar batir da ke dashbod shi ke tura wutar farko zuwa altaneto. In ya ƙone, caji ba ya kamawa sai an taka totur, kuma an sha sayen sabon altaneto saboda wannan ɗan ƙwai.

Batun saka altaneto mafi girma fa? Altaneton waɗannan motoci galibi amfiya 60 zuwa 80 ne, masu saka manyan lasifika sukan nemi na 90 ko 100 daga kayan hom-yus, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Yana yiwuwa, amma a gwada ƙafafun ɗauri, yawan layukan fuli, da bakin soket, don jerin wayoyin altaneton kamfanin Denso ya bambanta da na wasu. Wayar da ke zuwa batir a sauya ta da mai kaurin milimita 16 murabba'i ko fiye, da fiyus daidai da ita, a kuma kankare tsatsar wayar da ke ɗaure a bodi. Shagunan da suka tsallake wannan, babban altaneton wayar kawai yake gasawa. A cunkoson Kejetia da ke tsakiyar Kumasi kuma, injin yana silo, babban ma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa.

Hom-yus ɗin da za ka saya, a ɗora shi a benci a juya a gabanka da lodi kafin ka biya.