Sharhi: Lichess da bin diddigin sabon taku a wasan manyan gwanayen ces

Mai son ya gane yadda manyan gwanayen ces suke shirya wa juna tarko tun daga gida, kuma ba shi da kuɗin sayen manhajar ƙwararru, ina ba shi shawarar allon nazari na Lichess, wani shafin ces na intanet, ba tare da wata tantama ba. Na daɗe ina amfani da shi a waya da kwamfuta. Wani ɗan Faransa mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shafin a 2010, kyauta ne, babu talla, gudummawar jama'a ce ke riƙe da shi. Kafin na same shi ina amfani da wata manhaja da ke ba ni nazarin wasa kaɗan sannan ta ce sai na biya, shi ya sa na san darajar abin da nake magana a kai.

Abin da ya riƙe ni shi ne rumbun wasannin gwanaye. Idan ka buɗe allon nazari ka taɓa alamar littafi, jerin taku zai fito a gefe, kowanne da adadin wasannin da aka buga shi da kason da Fari ya ci, da wanda Baƙi ya ci, da canjaras. Wasannin na 'yan wasa ne masu maki 2200 zuwa sama a ma'aunin FIDE, hukumar ces ta duniya, tun daga 1952. A farkon wasa za ka ga dubban ɗaruruwa. Kana tafiya suna raguwa, dubu ta koma ɗari, ɗari ta koma goma, har ka iso inda jerin ya zama fayau. Kamar mai bin sawu ne a turbar gona, sawun yana sirancewa har ya ɓace. Duk takun da gwani ya yi a wannan wuri shi ne sabon taku. Akwai kuma wurin zaɓar shekara, kuma a ganina nan ne amfanin rumbun ya fi yawa, domin kana iya rufe duk abin da aka buga bayan wata shekara ka ga allon da idon mutanen wancan lokaci.

Da wannan na bi wasa na 10 na gasar cin kofin duniya ta 1995, Garry Kasparov da Viswanathan Anand na Indiya, wadda aka yi a hawa na 107 na dogon benen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. An yi canjaras takwas a jere, Anand ya ci na tara. Kasparov ya shigo na goma a fusace, yana riƙe da Fari. Suka bi buɗaɗɗen reshen salon buɗe wasa da ake kira Ruy Lopez. A taku na 11 Kasparov ya kai doki g5, inda sarauniyar Baƙi za ta iya cinye shi. Wannan ba nasa ba ne. Dabarar Igor Zaitsev ce, wadda Anatoly Karpov ya fito da ita a kan Viktor Korchnoi a Baguio ta ƙasar Filifin a 1978, kuma rumbun yana nuna maka hakan idan ka duba wasannin da suka bi ta nan. Kasparov da Anand ma sun riga sun bi wannan hanya a wasa na 6, inda Kasparov ya kai doki f3 a taku na 14 aka tashi canjaras. Anand ya dawo wurin da ƙwarin gwiwa, yana ganin ya san inda yake taka.

Sai Kasparov ya ja bishof zuwa c2. Anand ya ci sojan c3 da sarauniya. Kasparov ya kai doki b3. A nan na tsaya, na kashe injin da ke lissafo taku mafi kyau, na zuba wa allon ido. Idan Baƙi ya ci dokin, bishof ya rama, ruk ɗin a1 ya rage a fili babu mai tsaronsa. Ruk guda sukutum! Anand ya daɗe yana tunani, shi kuwa Kasparov 'yan mintoci kaɗan ya ci a agogonsa, alamar duk abin an dafa shi tun daga gida. Bayan dokin Baƙi ya je d4 da sarauniyar Fari ta fita g4, Anand ya ɗauke ruk ɗin, bishof ya ci e6, sarkin Baƙi ya maƙale a tsakiya ba hanyar ɓuya. A taku na 19 ɗaya bishof ɗin ya tafi h6, ya buɗe wa ruk ɗin f1 hanya a kan sarauniya, sannan ya ci g7, ya ci ruk ɗin h8. Abin da ya fi burge ni shi ne harin bai ƙare da kama sarki ba. An yi musayar sarauniya, Kasparov ya fita da rarar soja ɗaya, ya lallaɓa ta har Anand ya miƙa wuya a taku na 38. Wato mutumin ya lissafa wuta har zuwa inda za ta koma toka, ya san abin da zai rage masa a hannu. Daga nan gasar ta juya, Kasparov ya ci na 11 da na 13 da na 14, ya gama da maki 10½ da 7½.

Injin da ke cikin allon Stockfish ne, wanda tun 2020 yake aiki da tsarin ƙirƙirarriyar basira da ake kira NNUE wajen auna matsayi. A cikin na'urarka yake lissafi, saboda haka tsohuwar waya za ta yi zafi, batir ya sauka da sauri. Data kuwa ba ya ci sosai da zarar ya sauko. Matsayin da wasu suka riga suka bincika kuma yakan fito nan take daga ma'ajiyar shafin. Kana iya sa shi ya nuna layi har biyar a lokaci guda, kuma ga mai nazarin hari wannan ya fi layi ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Idan layi na farko ya riƙe matsayi, sauran huɗun duk suka faɗi, ka san mai karewa yana tafiya ne a kan hanya guda tilo, agogo kuma yana cin sa.

Ƙarfin injin nan ya fi fitowa fili a wasa na 8 na gasar cin kofin duniya ta 2004 a Brissago ta Suwizalan, Vladimir Kramnik da Peter Leko. Leko, yana riƙe da Baƙi, ya buga salon buɗe wasa da ake kira harin Marshall, Kramnik ya riƙa jefa taku da sauri bisa shirin da aka yi da kwamfuta, har ya ba da sarauniyarsa a taku na 24 yana dogaro da sojan da ke gudu a layin a. Leko, wanda lokacinsa ya kusa ƙarewa, ya zauna da kansa ya gano sarauniya zuwa d3 a taku na 25, kuma ya ci wasan. Kwamfutar wancan zamani tana fara nuna Fari ne a sama, sai an bar ta ta nutsa kafin ta sauya magana. A wayata kuwa injin ya nuna d3 kafin in gyara zama. Na ji daɗin ganin haka, amma ya sa ni tunani. Wanda ya fara kallon wasan da injin a kunne ba zai taɓa jin nauyin abin da Leko ya yi ba, zai ɗauka taku ne da ke kwance a fili.

Shi ya sa nake ganin sashen darasi na shafin, inda kake tara wasanni babi-babi, ya fi injin muhimmanci. Akwai zaɓin ɓoye takun da ke gaba. Da shi na bi wasan Levon Aronian da Anand na Wijk aan Zee a Holan, 2013, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya bi shi haka. Salon buɗe wasa da ake kira Meran suka bi, Anand na riƙe da Baƙi, kuma shi da kansa ya ce shirin ya samo asali ne daga tanadin da ya yi wa gasarsa da Boris Gelfand a 2012. Aronian ya kai doki g5, Anand ya tura soja c5 ya bar masa h7. Dokin ya ci. A taku na 15 Anand ya ajiye bishof a c5, a bakin sojan d4. A na 16 ya ajiye doki a e5, inda sojan f4 zai iya cin sa, ga bishof ɗin kuma har yanzu a bakin sojan d4. Wallahi na daɗe ina kallon wannan matsayi ina neman inda zai ɓalle, ban samu ba. Bishof biyu, na b7 da ɗan'uwansa, sun auna sarkin Fari daga nesa, duk abin da aka ci sai wata ƙofa ta buɗe. Dokin Aronian ya ci ruk a f8, Anand bai ko rama ba, ya tura soja f5 ya toshe wa sarauniyar Fari hanyar h7. Taku na 23, bishof zuwa e3, ya raba sarauniya da tsaron h3, Aronian ya miƙa hannu. Masana sun kwatanta shi da wasan Rotlewi da Rubinstein na 1907, kuma idan ka jera su biyun a babi biyu kusa da juna za ka ga kamannin da idonka.

Wasan 1907 ɗin sai ka shigo da shi da kanka, domin ya girmi rumbun. Haka ma wasan Capablanca da Frank Marshall na New York a 1918, wanda harin Marshall ya yi suna da shi duk da cewa Capablanca ne ya ci. Shigowar ba wuya, ka kwafi rubutun wasan ka liƙa. Ya kamata kuma mai shiga ya san cewa wasannin rumbun tsurarsu suke, babu bayanin gwani a jikinsu. Labarin wanda ya ƙirƙiri dabara, da dalilin da ya sa aka ajiye ta shekara guda kafin a fito da ita, sai ka nema a littattafai da hirarrakin 'yan wasan. Ƙwararrun da ke cin abinci da ces suna sayen manhajar ChessBase ne saboda irin wannan zurfi. Darussan da jama'a ke wallafawa a shafin kuwa akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda layin inji kawai aka kwafa aka zuba, sai ka tace.

Ga wanda ke zaune inda babu kulob, babu koci, sai abokan wasa biyu ko uku, abin da ke nan ya wadatar. Yadda nake yi yanzu shi ne in saka shekarar da ta gabaci wasan, in bi jerin har ya ƙare, in kashe injin, in rubuta taku uku da nake zato a takarda tare da dalilina, sannan in buɗe abin da gwanin ya buga. Injin shi ne na ƙarshe. Wanda zai fara, ya fara da na Aronian da Anand, taku 23 ne kawai, zama ɗaya bayan isha'i ya ishe shi.